Sartse a Yatsan Mai Gilashi

Da yatsa ɗaya Mai Gilashi yake ciyar da gidansa, sauran yatsun 'yan rakiya ne. Wanda bai taɓa ganin ana yanka gilashi ba zai ɗauka aikin ƙarfi ne, alhali duk sirrin yana kan manunin hannun dama. Shi ke danne ɗan ƙarfen yankan, wanda bai fi alƙalami girma ba, shi ke jin ko ya kama ko bai kama ba, shi ke jan layi ɗaya tak daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da an tsaya ba. In layi ya fita, sai a ƙwanƙwasa ta ƙasa, a danna, gilashi ya rabu biyu salin-alin. In bai fita ba kuwa, a kawo tsintsiya. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan wannan layi, kuma yatsan nan ne wata rana ya kumbura, yana neman ya tafi da hannun gaba ɗaya.

Shagonsa dogo ne siriri. A hagu an jingina manyan gilasai a jikin katako, a tsakiya ga tebur an shimfiɗa masa tsohon bargo, a gefensa ɗan gwangwanin kananzir da ake tsoma bakin ƙarfen yanka. Madubai sun yi yawa a ciki, har in mutum ya shigo sai ya ga kansa sau biyar, ya rasa wanne zai gaisar. Su biyu ke aiki, shi da Dogo, wanda ya shekara goma sha tara yana kama masa gilashi, yana kai wa mutane gida yana sa musu a taga. A bango kusa da ƙofa akwai farin akwati mai auduga da bandeji da ruwan wanke ciwo. Wannan akwati yana da doka, kuma kaf layin babu wanda bai san ta ba.

A wurin Mai Gilashi rauni iri biyu ne, akwai na aiki, akwai na ganganci. In gilashi ya zo da tsaga tun daga kamfani ya fashe a hannunka, kana sanye da safar hannu, ka yi komai yadda ya kamata, to, ka samu uba. Shi da kansa zai rufe shago, ya ɗaure maka, ya kai ka asibiti, ya yi ta zarya gidanka har sai matarka ta gaji da shimfiɗa masa tabarma. Amma in ka cire safa don zafi, ko ka ɗauki gilashi kana hira, ko kana kallon titi, sai ya nuna maka akwatin da haɓa ya ci gaba da awonsa. Kai za ka wanke, kai za ka ɗaure, kai za ka share ɓarɓashin da ka zubar. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, in ji shi. Shi ya sa a bayan idonsa ake kiransa Wa-ya-yi, domin ko kofi ya faɗi a gidansa, kafin ya tambaya ko wani ya ji ciwo sai ya tambayi wanda ya yi.

Ba mugu ba ne, wallahi, kada a zalunce shi. Abin ya samo asali ne daga mahaifinsa, mutumin da har ya koma ga Allah bai taɓa yin laifi ba. In kasuwarsa ta karye, maƙiya ne. In rufin ɗaki ya yi yoyo, kafinta ne ya cuce shi shekara goma da suka wuce. In ya makara, agogo ne. Haka aka yi ta neman mai laifi a waje, gida yana zubewa a kansu, babu wanda ya ɗauki guduma. Tun yana saurayi Mai Gilashi ya ƙudurta cewa shi ba zai zama haka ba, duk abin da ya ɓata shi zai gyara. Ya kuwa cika alkawari, ya gina gida, ya aurar da ƙannensa mata, ya sa 'ya'yansa a makaranta. Sai dai a hankali dokar ta yi masa ƙaho, ta zama wanda ya ɓata ba a kama masa.

Wata biyu kafin yatsansa ya kumbura, dokar ta ci ƙanensa, autan gidansu, magidanci mai 'ya'ya uku da ya dawo shagon bayan aikinsa na kamfani ya ƙare. Auta ya ɗauki gilashin taga, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, safa tana rataye a ƙusa. Gilashi ya zame ya tsaga masa tafin hannu. Jini har kan bargo. Mai Gilashi ya dube shi, ya dubi safar, ya nuna masa akwati. Auta ya ɗaure hannunsa da haƙori da hannu ɗaya, ya share wurin, Dogo yana tsaye kamar ya yi kuka amma ba shi da ikon motsi. Da yamma yayan ya ce masa wanda yake waya da gilashi a hannu ba shi da wurin zama a shagonsa. Auta ya tafi ya samu motar haya yana ja.

To, ranar wata Talata, Dogo ya fita kai madubi wani shagon aski. Mai Gilashi shi kaɗai, yana son ya matsar da wani guntun da ya rage a kan tebur, sai waya ta yi ƙara. Wani mai gini ne da ya daɗe yana jiran kiransa. Ya maƙala wayar a kafaɗa, ya kai hannu tsirara ya kama guntun. Ƙas! Bakin ya ɓalle a cikin hannunsa. Yankan ma abin dariya ne, bai kai faɗin farce ba, a cikin gaɓar manuni ta ƙasa. Ya tsotse jinin, ya gama wayarsa, ya share wurin tas kafin Dogo ya dawo. Akwatin ma bai buɗe ba, don Dogo ya san yawan audugar da ke ciki. Ya yagi ƙyalle ya naɗe.

Washegari da ya danna ƙarfen yanka sai ya ji wani abu ya soke shi daga ciki. Ya san wannan sukar, duk mai sana'ar ya san ta. Sartsen gilashi ne ya zauna a cikin nama, siriri, wanda ido ba ya gani domin ba shi da launi. Da Dogo ne abin ya samu a kan aiki, da tun a ranar an je an ciro shi, minti goma ya isa. Amma wannan rauni na wane iri ne? Ya yi wa kansa shari'a a tsaye, bai sassauta ba. Waya a kafaɗa, safa a ƙusa, irin na Auta sak. Ni na saka shi, ni zan cire shi, abin da ya gaya wa kansa ke nan.

Ya shiga bayan katakon da ake jingina gilasai, ya ƙona bakin allura da ashana, ya tsaya gaban wani tsohon madubi yana tonon yatsansa da hannun hagu. Hagun da ko maɓallin riga ba ta iya sawa da kyau! Ya tona ranar Laraba, ya tona ranar Alhamis. Duk sanda ya ji allura ta taɓa wani abu mai tauri sai jini ya rufe wurin, abin ya ƙara nutsewa. Ran Juma'a yatsa ya yi suntum, ya lanƙwashe kaɗan ya ƙi miƙewa, yana bugawa kamar da wata zuciya a cikinsa.

Matarsa ce ta fara lura, da ta ga yana kai loma da cokali a hagu, abinci yana zuba a rigarsa.

“Malam, me ya samu hannun?”

“Ba komai.”

“Ba komai ne ka naɗe shi kamar jariri? Mu gani.”

Ya janye hannun ya ɓoye a bayansa. Ta leƙa ta ga kan yatsan ya yi ja yana sheƙi, sai ta dafe ƙirji. “Wayyo, ɗan karkare ne! Irin wanda ya kama yayata bara, ta yi mako ba ta runtsa ba. Sannu, Malam, sannu. Shi wannan ciwo haka kawai yake zuwa, ba ya sallama.”

Bai ce e ba, bai ce a'a ba, kuma shirun nan ya fi ƙarya muni. Ita mace ce da komai a wurinta tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa. Ko yaro ya fasa tulu da gangan, sai ta ce kwanan tulun ne ya ƙare. Shekara ashirin da takwas suna wannan gardama ita da mijinta, yana cewa tana lalata yara, tana cewa zai kashe su da tambaya. Yanzu ga shi ta samu ciwon da babu ruwan kowa, sai ta zage. Ta dafa ruwa ta zuba gishiri ta ce ya tsoma, ya ce zai yi da kansa a bayi. Ta hana shi ɗaukar bokiti. Ta gaya wa maƙwabta, suka yi ta shigowa suna yi masa sannu, kowa da maganin da ya ji an ce yana fasa ɗan karkare.

Kowace sannu sai ya ji ta kamar mari. Tausayin nan ba nasa ba ne, na wani bawan Allah ne da ciwo ya faɗa wa haka kawai, shi kuwa ya karɓa yana ci. Kunya ta hana shi kallon idon matarsa. Tsoro kuma ya hana shi sakat, domin ya san ruwan gishiri ba ya narka gilashi.

Ranar Asabar ya biya wurin mai kemis na bakin titi. Shi wannan bai damu da wa ya yi ko me ya jawo ba, a wurinsa ɗan Adam inji ne, a zuba masa ƙwaya ya tashi.

“Maganin ɗan karkare nake so,” in ji Mai Gilashi.

“Kwance mu gani, maigida.”

“Sauri nake, na bar shago.”

Mai kemis ya ɗaga kafaɗa, ya ƙirgo masa wasu ƙwayoyi ja da rawaya, ya ce biyu da safe biyu da yamma, kada ya sa wa kansa damuwa, aikin magani ne. Mai Gilashi ya fito da ƙullin a aljihu yana jin haushin kansa. Ya je neman maganin ciwon da ba shi ke damunsa ba, an kuwa ba shi.

Lahadi ba a buɗe shago. Ya wuni a ɗaki da riga mai dogon hannu, ana zafi kamar a gasa mutum, yana rawar sanyi. Da ya shiga wanka ya kwance ƙyallen, sai da ya dafa bango. Kumburin ya sauko tafin hannu, bakin yankan ya yi fari yana fitar da ruwa mai wari, kan yatsan kuma ya fara sauya launi. Ya taɓa hammatarsa ya ji kaluluwa. Ya tsaya yana lissafin abin da bai so ya lissafa ba. In yatsan nan ya tafi, wa zai ja layi? Dogo gwani ne wajen ɗauka da sawa, amma in gilashi ya yi kauri hannunsa rawa yake. In hannun ya tafi gaba ɗaya fa? Ya ga kansa zaune a ƙofar gida, hannun riga a naɗe, mutane suna wucewa suna cewa ai shi ne Wa-ya-yi. Ya ce a ransa gobe zai je asibiti. Sai ya tuna tambayar farko da za a yi masa a can, yaya aka yi, sai ya ce bari ya ƙara gwadawa sau ɗaya. Ya sake ɗaukar allura.

Haka Litinin ta wuce, Talata ta wuce. A shago ya koma ba Dogo umarni daga kan kujera, yana cewa so yake ya ga ko ya iya yanka ƙananan. Dogo yana yi yana satar kallonsa.

“Maigida, wannan ɗan karkaren naka ba ya nuna ne? Na mutane kwana biyar ya fashe.”

“Ka kula da layinka.”

“Ina kula. Amma fuskarka ta yi kamar an wanke ta da toka.”

“Na ce ka kula da layinka!”

Ranar Laraba, kwana tara cif, aka zo karɓar gilashin teburin wani ofis, mai kauri, wanda Dogo ya rantse ba zai taɓa ba. Dole Mai Gilashi ya miƙe. Ya ɗora rula, ya tsoma ƙarfe a kananzir, ya gwada dannawa da yatsan tsakiya tunda manuni ya ƙi. Layi ya tafi daidai har rabi, sai hannun ya yi wani irin zogi da ya kai masa har ƙeya. Ƙarfe ya kauce. Da aka danna, gilashin ya tsage a karkace, rabinsa ya sulale ya tarwatse a ƙasa.

Dogo ya kai hannu ga tsintsiya.

“Ajiye!” Mai Gilashi ya daka masa tsawa. “Ni na fasa.”

Ya karɓi tsintsiyar da hagu ya sunkuya. Nan take shagon ya juya masa, madubai suka yi ta yawo. Dogo ya cafke shi ta baya kafin ya kifa a kan ɓarɓashin, ya ja shi zuwa kujera. A garin haka hannun rigar ya zame sama, sai ga wani jan layi ya taso daga wuyan hannu ya yi sama, ya kusa gwiwar hannu.

“Innalillahi!” in ji Dogo. “Maigida, wannan ba ɗan karkare ba ne. Mene ne a ciki?”

Mai Gilashi ya kawar da kai. Sannan ya ce, a hankali, “Sartse.”

“Tun yaushe?”

“Waccan Talatar. Ina waya. Ban sa safa ba.” Ya faɗi wannan yana jiran ya ga fuskar Dogo ta sauya. “Ka bar ni, na kusa ciro shi. Jiya na ji shi a bakin allura.”

“Allura? Da hagu? Kai, jama'a!” Dogo ya riƙe kai. Shekara goma sha tara bai taɓa ɗaga wa maigidansa murya ba, ranar nan ya ɗaga. “Wallahi ko ka kore ni yau, sai dai ka kore ni a asibiti. Zauna nan, kada ka motsa.”

Ya fita ƙofa ya buga waya biyu. Kafin minti ashirin mota ta tsaya a bakin shago, kuma ba kowa ne a ciki ba sai Auta, matar yayansa tana zaune a baya da mayafi a karkace, da alama a guje ta fito. Mai Gilashi ya so ƙasa ta tsage. Duk motocin garin nan, Dogo ya rasa wadda zai kira sai wannan!

Auta ya fito ya kama shi ta hagu, ya zaunar da shi a gaba, ya jawo masa bel da kansa. A kan sitiyari Mai Gilashi yana ganin tabon tafin hannun ƙanensa, dogo, ya warke a karkace don ba a ɗinke ba. Dogo ya riga ya gaya musu komai a waya, ya san haka domin matarsa ba ta yi masa sannu ko ɗaya ba. Ya yi ta jiran maganar da ta dace da shi. Auta kuwa sai zagin ramukan titi yake, yana yi wa masu babur tsawa su kauce.

Da suka tsaya a danja Mai Gilashi ya kasa haƙuri. “Ka faɗa mana. Na san tana bakinka.”

“Me zan faɗa, Yaya?”

“Abin da na yi maka.”

Auta ya dubi titi. “Ranar da na yanke, ai na san ni na yi, ba sai an gaya mini ba. Wanda zai riƙe mini bakin bandeji kawai na rasa.” Danja ta ba da hannu, ya sa giya. “Ɗaga hannun sama, Yaya, kada ka bar shi yana lilo.”

A asibiti wata ma'aikaciyar jinya ta yanke ƙyallen da almakashi, ta duba, ta kira likita da sauri. Wannan saurin nata ya fi komai tsorata shi. Likitar mace ce, ba ta kai 'yarsa ta fari ba a shekaru. Ta tambaye shi me ya shiga, yaushe, da me ya taɓa wurin. Ya fara ba ta labari tun daga wayar da safar, yana jaddada cewa gangancinsa ne, shi da ya fi kowa sani.

“Baba, gilashi ne ko ƙarfe?” ta katse shi.

“Gilashi. Amma ina so ki gane, ni ne na...”

“Kwana nawa?”

“Tara.”

Ta rubuta tara, ta ja layi a ƙarƙashi. Aka ɗauki hoton hannun, aka ɗebi jini, aka sa masa ruwa. Can ta dawo ta ce sukarin jininsa ya hau sosai, da alama ya daɗe da ciwon bai sani ba, shi ya sa ƙwayar cuta ta samu wuri ta yi gudu haka. Nan ma ya yi caraf ya ce ai shi ne mai zuba cokali uku a shayi. Ta ce wannan a bar shi sai an natsu, yanzu maganar hannu ake. Za a shiga da shi ɗakin tiyata yau ɗin nan, a buɗe, a wanke. Hannun tana sa ran za a cece shi. Yatsan kuwa ba ta yi alkawari ba.

“Da na zo da wuri fa?” ya tambaya.

Ta ce, “Da ka zo ran farko, da ko gado ba za mu ba ka ba.”

Aka tura shi a kan gado mai taya ta wata doguwar baranda. Yana kallon fitilun sama suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, yana ƙoƙarin motsa manunin a ƙarƙashin zane don ya ji ko yana nan. Bai taɓa jin tsoro irin na wannan tafiya ba. Bakinsa yana addu'a, amma zuciyarsa sai maimaita abu ɗaya take, a bar mini shi ko a lanƙwashe ne.

Ba a bar masa shi ba. Ya farka da la'asar, hannun a naɗe har gwiwa an rataye shi a jikin ƙarfe, kuma tun kafin kowa ya yi magana ya gane daga yadda naɗin ya faɗa a gefe ɗaya. Likita ta zo ta ce naman ya riga ya mutu har gindi, da an bar shi da ya ci sauran. Ta nuna masa sartsen a cikin wata 'yar kwalba. Sai da ya matso da ido sosai ya gan shi, bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Kwana uku yana kwance yana kallon bango. Dogo ya zo ya ce ya ga wani tsoho a wani gari yana yanka da yatsan tsakiya, layinsa kamar an ja da inji. Auta ya zo da 'ya'yansa. Maƙwabta suka zo, kowa sai ya ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. Shi dai ya yi ta gyaɗa kai. Matarsa kuwa tana nan ba ta matsa ba, tana ba shi magani, tana gyara masa matashi, amma magana in ba ta zama dole ba ba ta yi.

Ranar da aka sallame su, aka ce ya sa kayansa. Ta ja labule ta miƙo masa riga. Ya ce zai iya. Ya zura hannun hagu, ya yi ta kokawa da ɗayan, rigar ta naɗe a wuyansa. Ya samu ya daidaita ta, sai maɓallai. Ya kama na farko da hagu, ya kuɓuce, ya sake kamawa, ya kuɓuce. Gumi ya keto masa. Tana tsaye tana kallonsa, hannuwanta a harɗe.

“Ke ma ki ce ƙaddara ce,” ya ce. “Kowa ya faɗa, saura ke.”

“Ba zan ce ba.”

Ya ɗago ya dube ta.

“Yankan dai kowa yana iya yankewa, wannan ban riƙe ka da shi ba. Amma kwana taran nan, Malam, kai ka yi. Kai ka yi, ba wani ba. Ina dafa maka ruwan gishiri kamar wata sakarya, ina gaya wa mutane ƙarya da bakina, kana kallona. Kana ganin yatsan nan naka ne kai kaɗai? Da shi muka aurar da yara. Da ka ce mini gilashi ne, wallahi ko a bayana sai na goya ka na kawo ka nan.” Hawaye ya zubo mata, ta share da gefen mayafi da ƙarfi, kamar shi ma haushinsa take ji. “Ban yafe ba tukuna, kada ka ɗauka na yafe. Sai na huce.”

Bai taɓa jin ta ɗora wa wani laifi ba sai yau, kuma a kansa ta fara. Abin mamaki, sai ya ji numfashinsa ya sauka, karo na farko tun waccan Talatar. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Haka ne.” Ya sake kai hagu ga maɓallin, tunda an tabbatar masa shi ya yi.

Ta buge hannun.

“Sauke mini wannan hagun, za ka tsinke maɓallin mutane.” Ta matso ta kama wuyan rigar, ta fara sawa daga ƙasa, ɗaya bayan ɗaya. Yana jin hucin numfashinta a ƙirjinsa. Ya tsaya ƙiƙam, hannun da aka naɗe a sama, bai san inda zai kai idonsa ba. Da ta zo na ƙarshe ta ce, “Ɗaga haɓa.”

Ya ɗaga.